Atirapalli: Ina Za A Kwana Idan An Je Ganin Ruwan Su Aishwarya?

Duk wani ma'abocin kallon finafinan Indiya ya taɓa ganin wannan ruwa, ko da kuwa bai san sunansa ba. Shi ne wanda ke kwararowa fari fat daga kan dutse a bayan Aishwarya Rai, lokacin da take tsalle-tsalle cikin ruwan sama a waƙar Barso Re ta fim ɗin Guru na 2007. Kafin nan an hasko shi a Dil Se na 1998, a waƙar Jiya Jale da Shah Rukh Khan ya yi da Preity Zinta tana sabuwar fitowa. Yaran yanzu kuwa, waɗanda ba su riski zamanin kaset ba, a Baahubali na 2015 suka san shi, inda Prabhas ke ta faman hawa yana zamowa. Sunan wurin Atirapalli, a jihar Kerala da ke kudu maso yammacin Indiya. A allon hanya Athirappilly ake rubutawa, saboda haka kada mai nema ya rikice.

Magangarar ruwa ce a kan kogin Calakudi, wanda ya taso daga duwatsun da ke tsakanin Kerala da jihar Tamil Nadu. Babban gari mafi kusa da ita shi ma Calakudi ake ce masa, a rubuce Chalakudy, kuma yana bakin kogin ne. Tsakanin garin da magangarar akwai tafiyar kilomita 30 ko ɗan fiye, wato kamar awa guda a bas. To a cikin wannan kilomita 30 ɗin ne duk rigimar masauki take. Baƙo zai iya kwana a cikin gari, zai iya kwana a ƙauyukan da ke kan hanya a gefen kogi, zai kuma iya kwana can bakin daji inda ake hango ruwan ta taga. Kowanne da kuɗinsa, kowanne da matsalarsa. Wanda ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya sha wahalar neman biza, ya ratsa ta Doha ko Dubai kafin ya sauka a filin jirgin saman Kochi, bai kamata a ce hoton intanet guda ɗaya ne zai zaɓar masa wurin kwana ba.

Idan ana maganar wanda ya tallata Atirapalli a duniya, dole a fara da darakta Mani Ratnam. Shi ne ya yi Dil Se, shi ne ya yi Guru, sannan ya sake komawa da su Abhishek Bachchan da Aishwarya da Vikram ya ɗauki Raavan, wanda ya fito a 2010. Kamar dai yadda wani daraktan Hausa kan liƙe wa gida ɗaya a Nassarawa G.R.A. har 'yan kallo su haddace kujerun falon, haka Mani Ratnam ya liƙe wa wannan ruwa. Sai dai ba shi ya fara ba. Tun a 1986 aka ɗauki Punnagai Mannan na Kamal Haasan a wurin, fim ɗin da ya buɗe da saurayi da budurwa sun faɗa daga saman dutsen saboda an hana su aure. Har yau mutanen Tamil Nadu da dama da sunan wannan fim suke kiran magangarar.

Amma fa gani ya kori ji. Wanda ya tafi da hoton Baahubali a zuciya zai ɗan ji wani iri idan ya isa. Ruwan da ke cikin fim ɗin, wanda ya kai har cikin gajimare, aikin kwamfuta ne aka ɗora a kan na gaske. Na gasken tsayinsa bai wuce mita 25 ba, wato bai fi Gurara ta jihar Neja tsayi ba. Abin da ya ɗaukaka shi faɗi ne da ƙarfi, domin idan kogi ya cika yakan shimfiɗu kusan mita 100, ga kurmi kore shar ta ko'ina, ga feshi yana tashi kamar hayaƙi. Wannan kuwa ba kullum ake samu ba. Damina a Kerala tana kamawa a farkon Yuni ta zarce har Satumba, sannan a ƙara samun wani ruwan a Oktoba da Nuwamba. Daga Fabrairu zuwa Mayu kuwa kogin kan ja baya ƙwarai, ruwan ya koma zirara biyu ko uku a jikin baƙin dutse. Saboda haka tambayar farko ba ta ɗaki ba ce, ta wata ce. Wanda ya biya kuɗin ɗaki mai kallon magangara a watan Afrilu, dutse ya biya ya kalla.

Cikin gari

Calakudi ba garin yawon buɗe ido ba ne, kuma ba ya ƙoƙarin nuna cewa shi ne. Gari ne na kasuwa da makarantu da asibitoci a kan babbar hanyar da ta haɗa Kochi da Thrissur. Yana da tashar jirgin ƙasa, yana da tashar bas ta gwamnati da ta 'yan kasuwa, kuma daga filin jirgin saman Kochi bai kai tafiyar awa guda ba. Mai son fim zai lura da fuskar mutum ɗaya da ke yawan bayyana a jikin bango da bayan babur mai ƙafa uku, irin wanda Kanawa ke kira A Daidaita Sahu. Wannan shi ne marigayi Kalabhavan Mani, ɗan garin, wanda ya fara da tuƙin irin wannan babur kafin ya zama jarumi kuma mawaƙi. Ya fito a finafinai sama da 200, sau da yawa a matsayin bos a finafinan Tamil, ya rasu a watan Maris na 2016. A Calakudi ko Shah Rukh bai kai shi farin jini ba.

Abu na farko da ke rikita baƙo a nan shi ne kalmar otal ɗin kanta. A kudancin Indiya, idan aka ga allo an rubuta Hotel, galibi gidan abinci ne, ba gado ko ɗaya a ciki. Mutum zai iya jan akwati ya shiga yana tambayar ɗaki, a miƙo masa takardar jerin abinci. Wuraren kwana kuwa a allonsu ake ganin Lodge, ko Residency, ko Tourist Home. Da yawansu a saman bene suke, ƙasa kuma shaguna, sai an bi wata 'yar matattakala ta gefe.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, kuma shi ne wanda ke iya barin mutum a titi da dare. Dokar Indiya ta wajabta wa duk mai masauki ya kai rahoton baƙon da ba ɗan ƙasa ba ga hukumar shige da fice cikin awa 24, ta wata takarda da aka fi sani da Form C, wadda ake cikewa a intanet da bayanan fasfo da biza. Manyan otal sun saba, minti biyar sun gama. Ƙananan masaukai da yawa kuwa ba su yi rajistar yin hakan ba, wasu kuma ba sa son wahalar. Saboda haka sai mai gadin kanta ya dubi fasfo ya girgiza kai ya ce babu ɗaki, alhali ga makullai nan rataye a bayansa. Wani abin haushin ma, manhajar kama ɗaki ta waya tana iya karɓar kuɗin mutum tun yana gida, sai ya iso a ce masa 'yan ƙasa kaɗai ake sauka. Maganin abin shi ne tun kafin a biya ko sisi a aika saƙo, a faɗi ƙasar da aka fito ɓaro-ɓaro, a tambaya ko suna saukar baƙin waje, a kuma ajiye amsar a waya. Mai koren fasfo ya fi kowa buƙatar wannan, domin gara a ƙi shi yana ɗakinsa a Fagge da a ƙi shi ƙarfe 11 na dare a bakin titin Calakudi.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna taɓa aljihu. Kusan kowane masauki yana da farashi biyu, na ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki da na mai fanka. A lokacin damina fanka ta wadatar, sai dai a shinshina ɗakin kafin a amince, domin danshin Kerala kan kama katifa da labule su riƙa warin rima. Wasu masaukan suna lissafi ne da awa 24 cur, wanda ya shiga ƙarfe 7 na yamma sai 7 na yamman gobe zai fita, wasu kuma tsakar rana suke kora ko da asuba mutum ya shiga. Akwai kuma harajin gwamnati da ake ɗorawa a kan kuɗin ɗaki, wanda ba kullum yake cikin farashin da aka fara faɗa ba. Sannan otal ɗin da ke da mashaya a ƙasa, a allonsa ake gani. Mai iyali ya tsallake shi, ba don komai ba sai don hayaniyar dare.

A nan ne kuma wanda ya koyi Indiyanci a sinimar Marhaba ko El-Dorado zai gane ruwa ba sa'an kwando ba ne. Mutanen Kerala Malayalam suke yi, harshen da bai haɗa hanya da Hindi na finafinan Bombay ba. Duk kalmomin soyayya da na rantsuwar ɗaukar fansa da mutum ya haddace ba za su sama masa ruwan zafi na wanka ba. Turanci ya fi aiki. Abin mamaki, ɗan Larabci ma kan fitar da mutum, saboda ɗimbin 'yan jihar da suka yi aiki a Saudiyya da Dubai da Ƙatar.

Babbar ribar kwana a gari ita ce ciki. Kerala ba kamar arewacin Indiya ba ce inda naman shanu ke jawo fitina. A nan soyayyen naman sa da wata gurasa mai ninki-ninki da ake kira porotta abincin kowa ne. Akwai shinkafa mai manyan ƙwayoyi da miyar kifi ta kwakwa, akwai biriyani, akwai kuma dafaffen rogo da kifi, wanda Bahaushe zai kalla ya yi dariya, ya ce ashe har nan. Idan an kawo ruwan sha mai ɗumi, launinsa ja-ja, kada a tsorata, wani itace ake dafawa a ciki. Sai dai yankin Calakudi da maƙwabciyarsa Angamaly Kiristoci suna da yawa, kuma naman alade sananne ne a girkinsu, har fim ɗin Angamaly Diaries na 2017 a kan samari masu sana'arsa aka gina shi. A cikin gari wannan ba matsala ba ce, domin Musulmi sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen jihar, akwai masallatai, akwai gidajen abinci masu alamar halal. Wanda ke da yini guda na rara zai iya zuwa Kodungallur, ƙasa da awa guda a mota, ya ga masallacin Cheraman da ake cewa shi ne na farko a Indiya. A tuna kawai cewa alƙibla a can yamma take kallo, ba gabas ba.

Aibin garin shi ne babu abin da ya haɗa shi da fim. Ta taga shago ake gani da wayoyin lantarki, ga ƙahon bas tun asuba. Akwai kuma tarihin da ya kamata mai neman ɗaki ya sani. A tsakiyar Agustan 2018 Kerala ta ga ambaliyar da ta kashe mutum sama da 400. Madatsar Peringalkuthu da ke saman magangarar ta cika har ruwa ya bi ta kanta, kogin ya shiga garin Calakudi ya nutsar da unguwanni, filin jirgin saman Kochi kuma ya yi kusan mako biyu a rufe. Ba kowace shekara ake haka ba, amma wanda zai je a Yuli ko Agusta ya nemi ɗakin sama, ya kuma bar kwana ɗaya ko biyu na rara tsakanin ranar barin garin da ranar tashin jirginsa.

Kan hanya, gefen kogi

Da zarar bas ta bar gari ta nufi gabas, ƙasar sai ta fara sauya kama. Gidaje masu jan rufi a cikin bishiyoyin kwakwa da ayaba, sai gonakin roba, sai na kwakwar manja, kogin kuma yana ɓullowa yana ɓacewa ta gefe. Ana wuce Pariyaram, a wuce Thumboormuzhi inda akwai ƙaramar madatsa da lambun malam-buɗe-littafi da gada mai lilo, sannan Vettilappara. Akwai wuraren wasan ruwa na yara guda biyu a kan hanyar, Dream World da Silver Storm. A wannan tsakanin ne masaukai suka fi yawa, daga gidajen da iyali suka ware ɗaki biyu ko uku suna saukar baƙi, zuwa matsakaitan wuraren shaƙatawa masu kwamin wanka.

Kusan dukkansu sun liƙa Athirappilly a sunansu, kuma kusan dukkansu hoton magangarar ne a fuskar tallarsu. Nan ne ake yi wa baƙi sakiyar da ba ruwa. Wurin da ke kilomita 12 daga ruwan ma haka yake yi. Idan talla ta ce ana kallon kogi, to kogi ake nufi, ba magangara ba, kuma wani lokacin sai an leƙa ta bayan banɗaki ake hango shi. Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshin ya san yadda mai kyamara ke mayar da tsakar gida fada idan ya sami kusurwa. Masu ɗaukar hoton otal ma ɗaliban wannan makaranta ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe taswira a waya, a auna nisan wurin da ƙofar sayar da tikiti, sannan a roƙi mai masaukin ya turo ɗan bidiyo daga tagar ainihin ɗakin da za a ba mutum. Wanda ya yi ta kwana-kwana a kan wannan, an gane.

Duk da haka, idan aka dace da gida na kirki, nan ne aka fi jin daɗin Kerala. Uwar gida ce ke girki, za a karya da wata waina mai laushi ta garin shinkafa da ake kira appam, a zauna a baranda ana jin kukan tsuntsaye. Dajin yankin yana da nau'i huɗu na cilakowa, ciki har da wani ƙato mai baƙi da rawaya wanda ƙarar fukafukansa kaɗai ta isa ta sa mutum ɗaga kai. Sai dai tunda tukunya ɗaya ce, maganar abinci tun farko ake yin ta, cikin ladabi. Wanda ya ce kifi da kayan lambu kawai yake so ya huta, kuma ba wanda zai ji haushi. Kuɗi ma a riƙe su a hannu tun daga gari, domin 'yan ƙasar da waya suke biyan komai, tsarin da baƙon kwana uku ba lallai ya samu shiga ba.

Kogin da ke bayan gidan shi ne abin da ya fi jan hankali, shi ne kuma ya fi haɗari. A ido yana tafiya a hankali tsakanin duwatsu, har mutum ya ji sha'awar naɗe wando ya shiga ya ɗauki hoto irin na jarumai. Amma akwai madatsu a samansa, Peringalkuthu da Sholayar da wasu, kuma idan aka buɗe ƙofofinsu ruwa kan ƙaru cikin ɗan lokaci ko da rana ake ƙwallawa a inda mutum yake. Duwatsun suna da santsi, akwai ramuka masu zurfi, kuma an sha rasa rayukan 'yan yawon buɗe ido a wannan kogi, yawancinsu samari. Akwai kada ma a wasu sassan. Masaukin da ke alfahari da cewa yana da hanyarsa ta kansa zuwa bakin ruwa, a tambaye shi wa ke tsaron wurin. Rawar da aka ga jaruma tana yi a kan dutse, akwai mutane da yawa a bayan kyamara da ba a nuna ba, wasu riƙe da igiya.

Sai maganar giwa, wadda ba wasa ba ce. Dajin nan gidansu ne, kuma sukan fito cikin gonakin kwakwar manja da kan titi, musamman daga magariba zuwa wayewar gari. A Fabrairun 2022 giwar daji ta kashe wata yarinya 'yar shekara 5 a yankin, abin da ya sa mutanen ƙauyukan suka tare hanya suna zanga-zanga. Ko 'yan fim ba su tsira ba, domin a 2009, ana cikin aikin Raavan, wata giwa da aka kawo don ɗaukar fim ta fusata ta kashe mai kula da ita. Wannan ya sa wanda ya sauka a kan hanyar nan ya san cewa da rana ta faɗi, wajen ƙarfe 6 da rabi, shi da fita sai gobe. Babu zancen bari a ɗan taka a sayo katin waya, babu hawa babur a koma gari cin abinci. Idan masaukin ba ya yin abincin dare, to da yunwa za a kwana. Daga shingen ma'aikatan daji na Vazhachal zuwa gaba, hanyar da ta nufi Valparai ma rufe ta ake yi da dare.

Sannan akwai 'yan tsirarun wurare a can sama, a kan tudun da ke fuskantar magangarar, waɗanda da gaske daga kan gado ake kallon ruwan. Wani ma har da ɗaki a kan bishiya. Waɗannan su ne na amare da manyan baƙi, kuma kuɗin dare ɗaya a cikinsu zai iya biyan kwanaki da yawa a cikin gari. Ko sun cancanci kuɗin? A watan Satumba ko Oktoba, ga ango da amarya, dare ɗaya tak, e, sun cancanta. Da asuba hazo kan rufe kwarin, sannan ya yaye a hankali ruwan ya bayyana, babu ɗan yawon buɗe ido ko ɗaya a gabansa. Wannan shi ne abin da su Mani Ratnam ke tashi da duhu su jira. Amma dare na biyu da na uku asarar kuɗi ce. Ruwan bai canza ba, ƙararsa ba ta tsayawa ko da minti ɗaya, sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa, kuma duk abin da za a ci a farashin otal ɗin za a ci shi, tunda babu wani wurin.

Abin da ya sa kwana kusa ke da amfani, ko a mai tsada ko a mai araha, shi ne sammako. Ma'aikatan daji da 'yan kwamitin ƙauyukan yankin ne ke kula da wurin, suna buɗe ƙofa wajen ƙarfe 8 na safe su rufe kafin magariba, kuma tikitin baƙon waje ya fi na ɗan ƙasa tsada. Zuwa ƙarfe 11 manyan motocin 'yan makaranta da na 'yan biki daga Tamil Nadu sun fara sauke mutane. Asabar da Lahadi kuwa ba a magana, haka ma lokacin bikin Onam da ke faɗowa a Agusta ko Satumba, wanda ɗakuna kan ƙare, farashi ya haura. Wanda ya zo a irin wannan rana da tsaka zai ga ƙeyar mutane fiye da yadda zai ga ruwa.

Saboda haka tsarin da ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi shi ne ya raba kwanakinsa. Daren farko a Calakudi, a otal ɗin da ya tabbatar yana karɓar baƙin waje, ya huta gajiyar jirgi, ya saba da agogon da ya riga na Nijeriya da awa 4 da rabi, ya canji kuɗi, ya ci ya ƙoshi. Washegari da hantsi ya hau bas, ya je ya ga ɗakin gefen kogin da idonsa tun da sauran rana, yadda idan bai yi masa ba zai iya juyowa. Ya sa wannan dare ya faɗo tsakanin Litinin da Alhamis. Idan gari ya waye, ya kasance cikin mutum goman farko a bakin ƙofa.

Daga ƙofar akwai shimfiɗaɗɗiyar hanya ta 'yan mintoci zuwa saman magangarar, inda kogin ke taruwa kafin ya faɗa. Birai sun yi yawa a nan, kuma sun san leda, duk wanda ya riƙe biskit a fili ya yi musu sadaka. Ana sa ido sosai a kan robobin ruwa saboda shara. Sai wata hanyar mai gangara da ta ratsa cikin gora ta sauka ƙasa, inda ake tsayawa a kalli ruwan yana faɗowa, feshi yana jiƙa mutum sharkaf daga nesa. Saukar ba wuya, hawowar ce ke sa a tuna da shekaru. Takalmi mai santsi ba nasa ba ne, kuma da damina a duba ƙafa saboda matsattsaku. Idan ruwan sama ya yi yawa akan rufe hanyar ƙasan, wani lokacin ma a rufe wurin ɗungurungum, kuma babu otal ɗin da zai mayar wa mutum kuɗin ɗakinsa saboda haka. Mai sauran ƙarfi ya ƙara kilomita 5 zuwa Vazhachal, inda ruwan ke gudu a kan shimfiɗaɗɗen dutse maimakon faɗowa, a hanya kuma ya ga ƙaramar magangarar Charpa da ke fesa wa motoci ruwa a kan gada idan damina ta yi albarka.

A can saman, a tsakiyar duwatsun da ke gab da inda ruwan ke faɗawa, akwai wata 'yar bukka da masu gadi ke fakewa a ciki suna hura usur idan wani ya matsa kusa. Duk lokacin da kogin ya yi hauka, hotonta kan yi ta yawo a intanet, ruwa ya kewaye ta ta ko'ina tana nan tsaye. A duk Atirapalli babu ɗakin da ya kai ta kusa da ruwan, sai dai ba a ba da ita haya.